Neman Tauraro a Gadar Binuwai

Shekarar da na gama lise, wato sakandare, na kama aiki a wani kantin atamfa na Indiyawa a kasuwar Garwa. Wata rana a ƙarshen damina maigidan ya tafi Duwala sayo kaya, ya bar ni da matarsa, wadda duk layin ke kira Madam. Faransancinta kame-kame ne, Hausarta ta ciniki ce kawai, amma muna gane juna.

Da safe ta nuna mini almakashi da haɓa, ni da ba ta taɓa bari na yanka ko ƙyalle ba.

"Yau ke za ki yanka. Ba na taɓa abu mai kaifi, ina azumi."

"Madam, mu ma muna azumi, kuma muna yanka albasa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce a garinsu akwai ranar da iyaye mata ke yini ba ci ba sha saboda 'ya'yansu su rayu. Wai wata mata ce can da, tana haƙar ƙasar yaɓe, ta sari ɗan beguwa da fartanya, daga nan 'ya'yanta suka yi ta mutuwa. Shi ya sa ba allura, ba wuƙa. Ɗan Madam tilo yana Indiya wajen kakarsa yana karatu, kuma a watan nan zazzaɓin taifot ya kwantar da shi.

"To sai magariba ke nan?"

"Sai na ga tauraro."

Na leƙa waje. Rana kamar za ta narka kwanon rufi. Da azahar ta tashi za ta sauko da wani turmi, sai ta tafi luu, ta faɗa kan tarin yadi. Na yayyafa mata ruwa a fuska, ta farfaɗo tana datse leɓe kada ɗigo ya shiga. Raina ya ɓaci. Mijinta ba ya gari, in wani abu ya same ta ni za a tambaya.

Da la'asar hadari ya taso daga gabas. Bai zubar ba, bai kuma wuce ba, ya dai rufe garin ruf. Wayarta ta yi ƙara: ƙanwarta ce ta turo hoton tauraro daga can, don su tuni dare ya yi musu.

"Shi ke nan," na ce. "Ɗanki yana can, tauraronsa ya fito. Ki sha."

"Ba shi ke azumi ba, 'yata. Ni ce. Idona ne zai gani."

Na rufe kanti na ja ta zuwa gidanmu, don ya fi kusa, kuma na gaji da ita ni kaɗai. Dada, mahaifiyata, tana jin labarin ta dama kunu. Ana kiran magariba ta ajiye mata kwano a gaba, ta ce bismillah. Madam ta haɗa tafin hannu ta girgiza kai.

"Dada, ba ladan take jira ba, tauraro take jira. Ki ce mata wani abu!"

"In ce mata me? Ke kika haifa mata?"

Na yi ta zirga-zirga tsakanin tsakar gida da ƙofa, wuyana har ya ƙage. Sama baƙi ƙirin. Madam tana zaune a tabarma riƙe da wata 'yar butar tagulla da ta taho da ita daga kanti, cike da ruwa. Maƙwabcinmu direban taksin garin Pitowa ya dawo, na tare shi. Ya ce can ma a rufe yake, amma ta wajen kogi ya ga kamar hadarin ya ɗan yage.

Dada ta idar da salla, ta yafa mayafi. "Tsayar mana da moto biyu."

Ita ta hau bayan Madam a babur ɗaya ta rungume ta kada ta zame, ni na bi su da gorar ruwa. Ɗan moton nawa ya tambaya ko asibiti za mu. Na ce gada, kallon tauraro. Ya kaɗa kai ya ƙara wuta.

A kan gada iska na kaɗawa, manyan motocin auduga na wucewa suna girgiza mu. Can sama da ruwan, ta wata 'yar kafa a jikin hadarin, na hango ɗigon haske.

"Ga shi! Madam, ga shi!"

Dada ta riƙe mata hannu. "Tsaya tukuna. In ya motsa jirgi ne."

"Haba Dada!"

"Rufe mini baki. Tun asuba take ɗauke da abin nan, ba za ki zubar mata da shi a bakin ƙofa ba."

Muka tsaya mu uku, fuska sama. Gajimare na matsowa ta gefe, ni kuwa kamar in sa hannu in ture shi. Hasken bai motsa ba. Dada ta sake ta.

Na ɗauka za ta kafa kai a butar. Ina! Ɗaga ta ta yi, ta tsiyayar da ruwan a hankali wajen tauraron tana motsa baki, har ya ƙare. Sannan ta karɓi gorata ta sha, ta zauna daɓas a gefen titi ta kira ɗanta.

Ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, har daga inda nake ina jin muryarsa, sama-sama, cikin yarensu. Ta kashe wayar tana share ido.

"Me ya ce?"

"Wai na tashe shi daga barci. Wai gobe yana da makaranta."

"Bai ma san kin yi azumin ba? Duk wannan wahalar?"

Dada ta tambaye ni abin da aka ce, na faɗa mata da zafi. Ta gyara mayafinta.

"Yaron da ke da ƙarfin yi wa uwarsa tsawa ai ya warke. Kira mana moto, kununa na hucewa."