Geron Bawku a Ƙasar Doya

Gonarmu ta hanyar Pusiga ba rana ɗaya ta mutu ba. Tun ina yaro ake sare kaɗanya da ɗorawa ana ƙona gawayi, ruwa kuma in ya ga damar zuwa sai ya zo da fushi, ya kwashe ƙasar sama ya bar mana tsakuwa. A ƙarshen shekarun tamanin abin da muke girbewa ba ya kai mu bazara. Yayyena duk suka gangara kudu, ni ne na ƙarshe.

Ranar da zan tafi Salaga, inda aka samo mini aron gona, Baba ya kwance damin irin da ke rataye saman murhu. Geron gidanmu ne tun kakansa, gajere, mai saurin nuna. Ko a shekarar yunwa ba a taɓa shi ba. Ya miƙo mini duka.

"Baba, kai fa?"

"Ni in shuka a kan me? Kai shi inda ƙasa ke da rai."

Motarmu ta lalace a Yendi, muka wuni a tasha. Kowa ya bar kayansa a saman mota, ni ina rungume da buhu kamar mai jego, har wata mai koko ta tambaye ni ko zinariya ce a ciki.

Ƙasar Salaga baƙa ce, mai laushi, har na ji haushinta. Ruwan farko na sauka na shuka, yadda muke yi a gida. Maƙwabcin gonata, wani dattijo Bagonje mai noman doya, ya tsaya ya girgiza kai.

"Ɗan Bawku, wannan abu zai nuna shi kaɗai. Tsuntsu zai zo, wallahi babu mai taimaka maka."

Na yi dariya. Mai doya ne zai koya mini gero?

Geron kuwa ya yi kyan da ban taɓa gani ba. Sai tsuntsaye suka zo. A Bawku geron kowa tare yake nuna, tsuntsu ya rabu gona-gona, yara na ihu daga nan, mata na kaɗa gwangwani daga can, kowa ya yi asara kaɗan. Ban taɓa lura cewa jama'a ce ke tsare mana gero ba sai da na tsaya ni kaɗai a tsakiyar gonakin doya. In na kora gabas su sauka yamma. Na yi ihu har muryata ta dushe, babu wanda ya amsa daga wata gona. Ban taɓa jin kewar gida irin ta lokacin ba.

Da na ga zan rasa irin baki ɗaya, na yayyaga rigata na ɗaure zangarniyoyi kaɗan da tsumma. Su kaɗai suka tsira.

Bayan damina na kai su Bawku. Gidan ya yi shiru, maƙwabta ma sun tashi. Baba ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa, ya hura, ya daɗe yana kallon ƙwayar. Na gaya masa yadda aka yi.

"Ƙasar ta karɓe shi?"

"Ta karɓa, Baba. Mutane ne babu."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke saman murhu. Na ɗauka zai mayar da su wurin, sai ya naɗe su cikin tsumman ya sa mini a cinya.

"A nan ma yanzu babu su," ya ce.