Rabin da Baba Bushta Ya Ɓoye

Shekara bakwai na yi a ƙasar Holan ina koyon ƙidayar tsuntsaye, kuma har na dawo Maroko ban yarda aikin yana ceton wani abu ba. Mukan zauna gaban kwamfuta mu zana layi mai gangarowa ƙasa, a tafa mana, a tashi. Ban taɓa ganin lamba ta tsayar da motar haƙa ba. Abin da bai taɓa zo mini a rai ba shi ne lamba tana iya kiran motar da kanta. Baba Bushta ne ya koya mini wannan, ba da niyya ba.

Masunci ne a ƙauyenmu, Ulad Razin, a bakin tabkin da kowa ke kira Marja. A bukkar kara aka haife shi, bai taɓa shiga aji ba. Yana kama kifi, yana yanko wa matarsa Inna Tamu ciyawar da take saƙa tabarma. Yana kusan shekara arba'in wasu mutane daga wata ƙungiya a Rabat suka ɗauke shi ya tuƙa su a kwalekwale. Suka ga yana bambance agwagin daji da kajin ruwa tun suna ɗigo a sama, kafin su ma su ɗaga madubin hangen nesa. Sai suka bar masa madubi ɗaya, suka ce kowace shekara a tsakiyar Janairu ya zaga tabkin ya ƙidaya abin da ya zo daga Turai cin sanyi.

Tunda ba ya rubutu, ya nemo hanyarsa. Duk tsuntsu ɗari, sai ya jefa ƙwallon zaitun ɗaya a cikin hular jallabiyarsa da ke rataye a baya. Bayan kwana biyu wani ma'aikacin ƙungiyar, Si Mufaddal, zai zo da takarda, ya sha shayi, ya rubuta abin da aka gaya masa.

A wurinmu ba a ƙidaya abu mai rai da baki. Ka tambayi mutum tumakinsa nawa, zai ce alherin Allah ne. Ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, za ta buɗe maka yatsu biyar a fuska ta juya. Abin da aka faɗi adadinsa, ido ya gan shi, kuma ido yana ci. Duk da haka, a shekarar farko Baba Bushta ya faɗi gaskiya: dubu ashirin da bakwai. Da bazara ta zo, wata cuta ta faɗa wa kajin ruwa, gawarwakinsu suka jeru a bakin gaɓa har wari ya hana mata wanki. Inna Tamu ta tsaya a kansa ta ce ai ga shi nan, ya ƙirga su ya miƙa wa baƙo. Daga wannan shekara, duk abin da ya samu a hularsa, rabi yake faɗa.

Shekara talatin da ɗaya yana haka. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa tabkin da ke tara tsuntsun ruwa dubu ashirin yana iya shiga jerin wuraren da ake karewa. Si Mufaddal bai ga abin da masunci zai yi da wannan labari ba. A takarda Marja ba ta taɓa wuce dubu goma sha huɗu ba, sai waccan shekarar farko, wadda aka ja wa layi a matsayin kuskuren sabon shiga. Don haka aka bar ta. Aka haƙa magudanai, ruwa ya ja baya, gonakin da ake rufewa da leda suka cinye wurin, ana noma 'ya'yan itace ana kai wa Turai. Lokacin da na dawo, kusurwar arewa kaɗai ta rage, ita ma an tsayar da magana za a tsotse ta idan bazara ta shiga.

Na je gaida Baba Bushta ne kawai, don abokin mahaifina ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan Allal, an ce ka zama daktan agwagi. Allura kake musu ko awo?" Aka kawo shayi da burodi da man zaitun. Muna cikin hira Inna Tamu ta fito da wani tsohon kwando ta dire a gabana, ta ce tunda ni mai ilimi ne, in roƙar mata wannan tsohon ya bari ta zubar da tarkacensa, ɓeraye sun ishe ta. Ƙananan jakunkuna ne na tsumma, ita ta ɗinka su, kowace da ƙwallayen shekara guda. Ya ce mata ta bar masa 'ya'yansa. Ta ce da ma 'ya'yan nan sun taɓa aiko masa da ko sukari.

Na kwance ɗaya na zube a tabarma. Ƙwallo ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Na kwance wata, ɗari biyu da sittin da takwas. Lambobin Marja na san su kamar sunana, don na yi aiki da su a makaranta, kuma ba waɗannan ba ne. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ba ni labarin yana murmushi, kamar wanda ya yi wa ɓarawo wayo. Ya ce rabi ya ba gwamnati, rabi ya bar wa Allah, kuma tun daga nan cutar ba ta dawo ba.

Na ari kwandon na kai ofishin lardi. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta saurare ni da kyau, ita ma a waje ta yi karatu. Ta juya jaka ɗaya a hannunta ta ce ta yarda da ni, amma babu gurbin ƙwallon zaitun a cikin fayil, kuma wa zai shaida cewa ba jiya aka cika jakunkunan ba? Sannan ta buɗe rahoton da aka dogara da shi wajen ba da izinin tsotse kusurwar arewa, ta nuna mini shafi na sha tara. Kundin digirina aka ambata. Ni ne na rubuta, a ɗaki mai ɗumi a Holan, cewa Marja ƙaramin wuri ne, kuma lambar shekarar farko kuskure ce. Tabkin da na yi wanka a cikinsa, wanda na sha ganin agwagi sun rufe masa rana, na gaskata takarda a kansa na ƙaryata idona.

Na mayar da kwandon, na gaya wa Baba Bushta komai, har da shafi na sha tara. Na so in sassauta, ban samu ta inda zan yi ba. Inna Tamu ta tashi ta shige ciki, ba ta sake fitowa ba.

"Dubu ashirin," ya ce. "Shekara talatin Si Mufaddal yana shan shayina. Da ya buɗe baki sau ɗaya."

Na ce masa wataƙila ko da Si Mufaddal ya gaya masa, zai ji tsoron idon.

"Zan ji," ya ce. "Amma da na zaɓa da kaina."

A tsakiyar Janairu na bi shi ƙidaya. Ƙungiyar ta daɗe da daina aiko kowa, shi ne bai daina fita ba. Kwalekwalen ya ruɓe, kuma ba a bukatarsa, don da ƙafa muka zaga abin da ya rage kafin hantsi ya yi zafi. Iska tana kaɗa leda a bayanmu, injin ban-ruwa yana ta ƙara. Madubinsa ya yi hazo, amma bai nemi nawa ba. Sau huɗu kawai na ga ya kai hannu bayansa.

Na fito da takarda. Na ce, "Baba, bana ni ne mai rubutawa. Nawa zan sa, rabi ko duka?"

Ya zazzage hular a tafin hannunsa, ya miƙo mini ƙwallo huɗu.

"Sa duka, ɗana. Ɗari huɗu da 'yan kai. Ido ba zai sami abin ci a nan ba."