Ɗiban Wuta

A ƙauyenmu, can kudu da Sinnar a bakin kogi, ba a hana wuta. Ko kun yi shekara ba kwa ga-maciji da mace, in ta shigo da tsingaro a hannu ta ce ta zo ɗiban wuta, dole ki tona mata murhu ki zaɓo mata garwashi mai rai. Ba a kuma karɓar ko sisi a kai. Haka muka taras da iyayenmu suna yi. Shi ya sa da aka kafa turakun kahraba, wato lantarki, lokacin ina koyarwa a makarantar 'yan mata, ba wanda ya tsaya dogon tunani. Wuta muke ce mata da Hausa, sai muka ɗora mata hukuncin wuta.

Gidanmu ne a bakin hanya, turken a ƙofarmu ya tsaya, don haka mu aka fara ja wa. Bayan katangarmu akwai wata mata da mijinta ya rasu tun da daɗewa. Ta girme ni da kusan shekara goma. Yaya nake ce mata, ko da yake ba abin da ya haɗa mu sai katanga. Ita kuwa Ustaza take kirana, tana jan sunan yadda kowa zai gane tsokana ce. Kwana uku da kunna fitila a gidanmu, maigidana ya sayo waya a Sinnar, ya taka turmi ya haura da ita ta kan katanga, ya rataya wa Yaya ƙwai ɗaya a ɗaki, ɗaya a rumfa. Na ce masa, to kuɗin fa, ya za a riƙa yi? Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kakanninmu da suka tako daga Sakkwato har nan, a ka suka ɗauko wuta? Gida-gida suka ɗebo ta."

Gaskiya kuma a lokacin abin bai taka kara ya karya ba. Abin awon wutar wani ɗan faifai ne mai juyawa cikin gilashi a zaure, mutum ya zo da littafi ya duba, wani watan ma bai zo ba. Yaya ta taɓa zuwa da kuɗi ƙulle a bakin mayafinta, na ce ta mayar da abinta kafin raina ya ɓaci. Ta mayar. Amma daga ranar kullum safiya sai ta shigo da kisra, wainar dawan nan mai faɗi, da zafinta a faifai, ta ajiye, ta buɗe firjina ta cusa gorar ruwanta kamar ita ta saya. Ni kuma da la'asar in zaga gidanta shan jabana, wato gahawa. Ita ke soya bun, 'ya'yan gahawar ke nan, a kasko, ta daka da citta, ta zuba mana a ƙananan finjalai, mu zauna a rumfa muna gulmar duniya. In na yunƙura zan tashi da wuri sai ta kama bakin zanena ta ce, "Ke Ustaza, ɗiban wuta kika zo? Koma ki zamna!"

Haka muka yi shekaru. 'Ya'yana maza biyu suka tafi, ɗaya Khartum, ɗaya ya ƙetare teku neman aiki. 'Yar autata aka yi mata aure aka kai ta Hasahisa. Jikokina in an kawo su hutu, in yi musu Hausa su ba ni amsa da Larabci, in harare su su yi dariya. Sai maigidana ya kwanta kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Shekara biyu bayan haka na ajiye alli. Gidan da a da sai na daka tsawa ake jin maganata ya koma ba motsin kowa sai gurnanin firji. Ba zan ɓoye ba, kaɗaici ya ci ni. Abin da ya hana ni zaucewa shi ne sallamar Yaya da safe da finjalinta da la'asar. In aka cire waɗannan biyun, sai in wuni ban buɗe baki ba sai a salla.

Ana nan aka zo aka cire mai faifan nan, aka maƙala wani akwati mai madannai irin na wayar hannu. Sai ka fara biya a ba ka dogayen lambobi a takarda, ka danna, sannan ka ga haske. In abin da ka saya ya kusa ƙarewa sai akwatin ya dinga tsiwa, ƙit, ƙit, ƙit. Larabawan garin suka sa masa suna jamra habisa, sunan wata cuta mai kashe dabbobi, amma in aka fassara shi kai tsaye mugun garwashi ke nan. Da na gaya wa Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe su ma sun san wuta ce."

Da farko na iya da shi. Daga baya sai na lura kuɗin da ke kai ni ƙarshen wata ya koma kai ni tsakiya. Aka ce an ƙara farashi. Aka sake cewa an ƙara. Aka ce wai an raba hukumar wutar an mai da ita kamfanoni, kowane da ofishinsa da motocinsa. Fanshona kuwa yana nan inda yake kamar an kafe shi da ƙusa. Na daina kunna fanka da rana, na cire ƙwan tsakar gida, duk da haka akwatin bai fasa tsiwarsa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, wata tsohuwar abokiyar aikina mai firji da fanka irin nawa ta ce ita nata bai cin rabin haka.

Na shirya na hau mota zuwa Sinnar. A ofishin na taras da wani saurayi a bayan taga, da ganinsa sa'an ɗana na biyu ne. Ya duba lambar akwatina a na'urarsa ya ce, "Ya Hajja, ku nawa ne a gidan?"

Na ce ni kaɗai ce, sai Allah.

Ya yi mini bayani, kuma ban ce bai kyauta ba. Wai wutar hawa-hawa ake sayar da ita. Kashin farko na wata da araha, don talaka. In ka wuce shi, na biyu ya fi tsada, na uku kuwa na masu hali ne. Ni kuma kowane wata sai na haura. Sai na gaya masa maganar wayar kan katanga. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce kada in sake faɗin haka a nan, laifi ne, har tara ake ci. Akwatin bai san gida biyu ba ne, shi dai ya ga gida ɗaya mai ci da yawa. Ko in cire wayar, ko maƙwabciyata ta nemi nata akwatin. Ya faɗi kuɗin sabon ja, na san ko Yaya ta sayar da awakinta duka ba za su kai ba.

Nan fa zuciyata ta hau. Na ce, "Wato tsofaffi biyu matalauta in suka haɗa kai sun zama attajiri ɗaya? Ruwan da ke juya muku injin a madatsar nan ta bakin gonakinmu yake wucewa, ko sannu bai ce mana! Wa ya yanka wannan farashi?"

Ya ce daga sama yake zuwa.

Na ce, "To ku wa ke duba ku? Ko mahauci a kasuwa akwai mai zuwa duba ma'auninsa."

Ya ce akwai wani ofishi a Khartum da aka ce aikinsa ke nan, amma shi bai taɓa ganin mutanensa ba. Ya nuna mini wani akwatin katako mai kwaɗo a jikin bango, na koke-koke. Ni da na yi shekara talatin ina gyara wa yara rubutu, na zauna a benci na cika shafi biyu da Larabcin da ko alƙali ya gani sai ya gyara zama. Na sa a shuɗin ambulan na jefa. Bayan wata huɗu da na koma, na leƙa ta tsagar akwatin, ga shuɗin ambulan ɗina a kwance, ƙura ta hau shi.

Ban gaya wa Yaya komai ba. Ina zan fara? Ni ce na mai da mata kuɗinta da faɗa, yanzu kuma in koma in ce kawo? Girman kai ya hana ni, maganar maigidana ta hana ni. Na haɗiye abin, shi kuwa abin da aka haɗiye ba a so, ta wani wuri yake fitowa.

Da sanyi ya shigo, ɗan Yaya da ke aikin gona a Abu Na'ama ya aiko mata da wani ƙarfe mai igiya da ake tsomawa a bokiti ya ɗumama ruwa. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, ruwan sanyi da asuba azaba ne a gare ta. Ta kawo shi har gida ta nuna mini, tana murna kamar yarinya da sabon awarwaro. Na yi mata barka. Ni dai na san abin da ƙarfen nan zai yi mini.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Wasu mata biyu sun zo gaya mini ranar suna, muna zaune a tsakar gida, Yaya ta shigo da faifan kisra. Tana ajiyewa akwatin ya fara ƙit, ƙit, ƙit daga zaure, karo na uku a watan. Yaya ta yi dariya ta ce, "Ustaza, jaririnki na kuka, tashi ki ba shi nono."

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya riga ni. Na ce, "Ai dole ya yi kuka. Wanda bai san kuɗin wuta ba shi ke dafa ruwan alwala da ita."

Matan nan suka sunkuyar da kai. Yaya ta tsaya, murmushin bai gama barin fuskarta ba. Ta ce, "Haka ne." Ta buɗe firji ta ɗauki gorarta, ta yi wa baƙina sallama, ta fita.

Da la'asar na kasa zuwa. Na ce bari ta huce, gobe na je. Washegari da na fito shara na ga wayar a bakin ƙofar ɗakina, an naɗe ta tsaf an ɗaure da tsumma, ƙwai biyu a kai cikin ƙwarya don kada su fashe. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ban san yadda ta hau ta kwance ta ba, har yau ban sani ba.

Na ɗauki wayar na je. Na ba ta haƙuri, na ce sharrin baki ne, na kwashe labarin Sinnar da hawa-hawan farashi na gaya mata. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ba komai, Ustaza. Da kin hwaɗi tun tuni ai da ban kai ki ga haka ba. Shekara nawa ina ci miki ban sani ba." Ba ta ja sunan ba wannan karon. Wayar kuwa ta ce in mayar, ta saba da fitilar ƙwai tun tana budurwa, idonta ma ya fi son ta.

Watan da ya biyo baya akwatin bai yi tsiwa ko sau ɗaya ba. Saurayin taga ya yi gaskiya, na koma kashin talaka. Na mayar da ƙwan tsakar gida, na kunna fanka, na zauna a ƙarƙashinta ni kaɗai. Kisra ta daina zuwa. In mun haɗu a hanya mukan gaisa, har ta tambayi yara. Da la'asar ƙamshin bun ya haura katanga ya same ni, in ji ƙarar turminta, in ji ta daina. Sau nawa ina yafa mayafi in kai ƙofa in dawo.

Sai wata la'asar dabara ta zo mini. Ina da tukunyar gas a ɗaki, ina da ashana, shekara da shekaru rabona da neman garwashi. Amma na zaga bayan randa na samo tsingaro, na karkaɗe shi, na nufi gidanta. Na ce a raina wannan ƙofar dai ba a rufe ta ga kowa.

Tana rumfa a kan kujerarta, kasko a kan wuta, finjali ɗaya a gabanta. Na yi sallama ta amsa. Na ce, "Yaya, ɗiban wuta na zo."

Ta dubi tsingaron, ta dube ni. Ta san ina da gas, ita ta raka ni sayensa. Ta sauke kaskon, ta tona, ta zaɓo manya guda uku jajaye, ta ɗora mini, har ta ƙara 'yar toka a gefe don kada in ƙone. Na tsaya riƙe da shi. Tabarmar da nake zama tana jingine a bango a naɗe. Na gyara mayafi, na yi kamar zan juya, a hankali, don in ba ta lokaci ta kama bakin zanena ta faɗi maganar nan tata.

Ta mai da kaskon kan wuta ta ce, "A sauka lahiya, Ustaza. Ki yi sauri kada ta mutu miki a hanya."

Na fito. Tsakanin ƙofarta da tawa taku ashirin ne. Na shiga na ajiye tsingaron a tsakar gida, ƙarƙashin ƙwan lantarki, na zauna ina kallonsa. Ba ni da abin da zan dafa.