Matar da Ke Taka Gwangwani

Har yau idan na ji ƙarar gwangwani an taka shi, sai na tuna kicin ɗin wata Ba'amurkiya a nan Jidda. Mijinta injiniya ne a tashar jiragen ruwa, kakata kuma ke yi musu wanki da guga. Kaka ba ta jin Larabci sosai, matar kuma tana jin Larabci amma ba ta jin Hausa, saboda haka ni ce tafinta, ina yarinya.

Matar ba ta yar da gwangwani. Takan wanke shi, ta yanke bakinsa da gindinsa, ta taka shi ya baje, ta jera a kwali. Kitsen da ya rage a kasko ma sai ta tace shi a kwalba. Kaka ta daɗe tana kallo. Wata rana da zafi ya tsananta, gumi na ɗiga daga haɓarta, ta ce, "Ke, tambaye ta, rowa ce ko tsiya?"

Na tambaya, amma da ladabi. Matar ta yi dariya, ta ce sabo ne tun yaƙin duniya na biyu. A ƙasarsu, in ji ta, gwangwani narkar da shi ake yi a samu ƙarfe, kitse kuma a kai wa mahauci a tara don yin albarushi. Sukari da nama sai da katin rabo na gwamnati. Ta shuka kayan miya a bayan gida, ta saƙa wa sojoji safa har yatsunta suka yi kanta.

Kaka ta ajiye dutsen guga. Ɗanta na fari, wan babana, soja aka ɗauke shi daga ƙauyensu a ƙasar Kano, aka kai shi yaƙi ƙasar Bama, can Asiya. Bai dawo ba, ba a kuma taɓa ce mata ya mutu ba. Duk lokacin aikin hajji takan je tasha tana tambayar alhazai labarinsa.

"Ce mata, safar nan ta kai ga baƙaƙen sojojin da ke Bama?"

Matar ta ce ba ta sani ba. Ba ta ma san an kai mutanen Afirka can ba. Na mayar da amsar yadda take.

"Halas, shi ke nan," in ji Kaka. "Ita an roƙe ta gwangwani ta bayar. Ni ba a tambaye ni ba."

Ta ɗauki dutsen gugarta. Ba ta fasa zuwa tasha ba har ƙafafunta suka gaza.

Yanzu a unguwar Safa nake zaune, a nan Jidda. Jikokina sukan sha lemo su taka gwangwanin don wasa. A cikinsu babu wanda ya san babana yana da wa.