Turmin da Ya Tare Garmar Labo

Labo bakanike ɗan maƙera ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da uwar maƙerarsa bisa jaki, ya zauna a Cadawa. Shi Labo bai tsaya ga ƙira ba. Ya tafi Maradi ya yi shekara tara a wani gareji, inda ya ga ƙarfe ya datse wa ubangidansa yatsu uku a gabansa. Tun daga ranar tsoron ƙarfe ya shige shi. Ko amalanke zai gyara, sai ya tokare ta. Abin tokarensa kuwa turmin matarsa Lantana ne, na icen ƙirya, har mutane suka riƙa yi masa ba'a da "Labo na turmi".

Ƙungiyar manoman garin tana da wata tsohuwar tarakta da wani shirin noma ya bari. Tsufanta ya fi bayyana a baya, wurin hannuwan ƙarfe biyu da ke ɗaga garma. Ramukan da ƙusoshi ke shiga sun cinye, sun koma kamar ƙwai, man da ke tura hannuwan kuma yana zurarewa ta ciki. Saboda haka garmar ba ta tsayawa a sama sai inji yana aiki. Da ya mutu, sai ta sauko da nauyinta duka.

A bazarar 1992, bayan Taron Ƙasa da ya buɗe fagen siyasa, jam'iyyu suna yawon buɗe rassa gari gari. Ranar da wata daga cikinsu za ta zo, an tattara turamen unguwa duka a gindin tsamiya, har da na Lantana, mata suna dakan furar baƙi. Ranar ce kuma Hashimu, direban taraktar, ya kawo ta ƙofar Labo. Ruwan farko ya sauka daren jiya, ƙusa ɗaya ta karye, garma ta karkace.

"Baba Labo, gona goma sha ɗaya na jirana," in ji Hashimu. "Ƙusa guda ce. Ko sai an kira turmi ya yi mana fatiha?"

Labo ya dubi gindin tsamiya. Mata kusan talatin ne, da waƙa da guɗa. Ya ji kunyar ratsa su ya karɓe turmi cike da gero a gaban jama'a. Ya ce wa Hashimu ya bar inji a kunne, ya ɗaga garma, kada ya taɓa komai. Ya ƙera sabuwar ƙusa, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin fayafayan garmar.

Ƙusar ta ƙi shiga, domin ramin hannu da na garma ba su daidaita ba. Maƙeri da yatsa yake gani. Haka ubansa ya koya masa tun yana zuga. Kafin hankalinsa ya hana shi, ya zura manuniyarsa ta dama cikin ramin don ya ji inda ya kauce. Nan take hannun ƙarfen ya ɗan zame, ramukan biyu suka cije yatsan.

Bai yi ihu ba. Cewa ya yi, da wata siririyar murya, "Hashimu. Ƙarfe ya kama ni."

Hashimu ya kai hannu ga sandar ɗagawa.

"Kada! In ka ɗaga, ka yanke shi. In ka sauke, ƙirjina ne. Gazuwal nawa ya rage?"

Hashimu ya leƙa tankin man, Labo kuwa ya gane daga fuskarsa. Ana ƙarancin mai a lokacin, kwalba biyu kawai aka zuba da safe. Bakin faifan garma yana tazarar taƙi ɗaya daga haƙarƙarinsa. Yana ganin ƙasa tana kakkaɓowa daga jikinsa saboda rawar inji. Ya tuna yatsun ubangidansa kwance cikin baƙin mai. Gumi ya cika masa ido, ba hannun sharewa. Sai injin ya yi tari sau ɗaya.

"Tahi ka kira Lantana," in ji shi. "Da turmi."

Hashimu ya ruga, takalminsa ɗaya ya cire. Labo ya saura shi kaɗai yana sauraren injin kamar mai jinya yana sauraren numfashin majinyaci. Yana so ya yi kalmar shahada, harshensa ya ƙi. Abin da ya iya kawai shi ne ƙirga bugun injin. A tari na biyu garmar ta sauko kaɗan, ya ji sanyin ƙarfe ta cikin rigarsa.

Luguden matan ya tsaya cak a gindin tsamiya. Lantana ce a gaba, ta kifar da geron a ƙasa, ita da Hashimu suna mirgino turmin, sauran mata na biye da taɓarensu a hannu.

"Malam, mi ya kai ka?" in ji ta. "Shekara ashirin kana hana ni daka, yau da ya kamata ka hana ni sai ka ji kunya?"

"Ki bar faɗa, ki tura shi ƙarƙashin doguwar sandar can. A tsaye. A'a, matso da shi wajen kaina."

Turmin ya gaza da kaurin yatsu huɗu. Wata tsohuwa, Tala, ta kwanta ta cusa guntun allon da take zama a kai. Ba ta gama janye hannunta ba injin ya yi tari na uku, ya mutu.

Garmar ta fara saukowa a hankali, ta zauna bisa allon. Turmin ya yi ƙara, tsaga ta bi shi daga baki zuwa ƙugu. Mata suka yi salati. Tsagar ta tsaya.

"Yanzu nauyi ya bar hannun ƙarfen," in ji Labo, idonsa a rufe. "Hashimu, kama sandar nan mai zare da ke rataye da shi. Murɗa hagu, rabin juyi. Hagu na ce, ɗan nan, hannun da ba ka cin tuwo da shi!"

Hashimu ya murɗa. Ramukan suka saki, Lantana ta kama ƙafafun mijinta ta jawo shi waje kamar buhu. Ya zauna cikin ƙasa, aka miƙa masa ƙwaryar ruwa.

Yatsan bai guntule ba, amma bai ƙara lanƙwasawa ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan kwana shida ya cike ramukan da walda, ya huda su sabo, ya daidaita hannuwan biyu da hannunsa na hagu. Da guntun ƙarfe ya riƙa laluben rami tun daga nan. Fasasshen turmin ya ɗaure shi da ƙarfe zagaye biyu, ya ajiye a ƙofar garejinsa. Lantana ba ta nemi a mayar mata ba, kuma a Cadawa ba a sake jin wanda ya yi dariya ba idan aka ce "Labo na turmi".