Ɓangaren da Muryar Mama Take

Bayan rasuwar Mama, abin da ya rage mana na muryarta kaset ɗaya ne. An ɗauke shi a cocinmu na Dabai ranar da zumuntar mata suka yi waƙar godiya bayan girbi. Mata ne da yawa, ga ganga, ga tulu, ga kacau-kacau. A lasifikar ƙaramar rikodarmu duk sai su cakuɗe. Baba yakan kara kunne, ya girgiza kai. Tsohon soja ne, ƙarar bindiga ta kashe masa kunnen hagu tun yana aiki.

Lokacin wayar hannu ta fara yawa a Zuru, masu shaguna suna rataye iyafis, abin nan da ake cusawa cikin kunne. Ranar kasuwa muka ɗauki rikodar muka je.

Mai shagon ya fito da kala uku. Mai arahar tana tsuwa kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Mai tsadar Baba bai ko taɓa kwalinta ba. Ta tsakiyar baƙa ce, da roba mai laushi a bakinta.

Ita muka jona a rikodar. Baba ya cusa ɗaya a kunnensa mai ji, ya miƙo mini ɗayar. "Riƙe, ni ba ni da wurin sa ta."

Ya saurara har waƙar ta yi nisa, sannan ya cire, ya dubi mai shagon.

"Ɗana, kayanka ba kyau. Ganga kawai nake ji."

"Haba Baba soja! Ko dai kunnen ne ya yi ritaya tare da kai?"

Ni kuwa na riga na sa tawa. Mama tana ciki. Muryarta siririya, tana ɗan riga sauran shiga baiti, yadda ta saba. Har jan numfashinta na ji. Ashe ranar da aka ɗauki waƙar ta tsaya ne a gefe ɗaya na rikoda, masu ganga a ɗaya gefen, kuma iyafis ɗin ya raba su yadda suka tsaya.

Na cire tawa na sa masa, na mayar da kaset baya.

Ya dafa teburin shagon, yana kallon ƙasa. Mai shagon ya kashe rediyonsa da kansa.

Ba zan ce kayan ba su da aibu ba. Gangar ba ta da nauyi a ciki, wayar kuma siririya ce. Amma murya tana fita tsaf, mu kuwa murya muka je nema. Ita muka saya.

Da damina ta zagayo, ɓangare ɗaya ya daina aiki, na gangar. Na ce zan sayo wata. Baba ya ce in bari, babu abin da ya ɓace.

Da ita ya yi ta saurare a gindin mangwaro har shi ma ya tafi. Tana wurina yanzu. Kunne ɗaya nake sa wa.