Yadda Alhaji Sule Ya Rataye Ni a Fuskar Ordinata

Ku da kuka san Alhaji Sule Tela a nan Briketeri, kun san ba ya zura zare a allura da safe sai ya yi wa ordinatarsa, wato kwamfutarsa, sutura. Wallahi haka yake cewa, sutura!

'Yarsa Hajara ce ta sayo masa ita a kasuwar Mokolo, ta hannu, don ya riƙa duba sabon aikin wuya a intanet. Ran farko ta buɗe masa sabon shafi, ga shi fari fat. Alhaji ya kare ido da hula.

"A'uzubillahi! Hajara, tsirara aka sayar miki da ita?"

"Baba, haka suke zuwa."

"Mu ma haka muka zo, ai ba a bar mu haka ba."

Sai ta nuna masa wani ɗan fensir a kusurwa, inda ake canza launi da hoto, abin da suke kira tem. Shi ke nan, ta ɓallo mana aiki! Kullum launin shafi sai ya dace da rigar jikinsa. Hotunan teku da duwatsun ƙanƙara da suka zo da ita kuwa ya ce ba mutunci, wa ya taɓa saka ƙanƙara ya fita unguwa? Aikinsa yake ɗauka da waya ya ɗora.

Wata Asabar wani ango daga Elig-Edzoa ya zo karɓar riga, ana jiransa wurin ɗaurin aure, Alhaji na tsakanin kore biyu, ya rasa wanda zai sa wa shafi.

"Baba Alhaji, don Allah, ai duk kore ne."

"Duk kore ne? To amaryarka da ƙanwarta ma duk mata ne, je ka ɗauki wadda ka samu."

Ni Garba mai yadi, shagona na jikin nasa, shekara talatin ina shan shayi a bencinsa. Bokona bai wuce gane lambar taksi ba, amma na daɗe ina leƙen fensirin nan. Ana jibi Sallah Alhaji ya ɗora wa ordinatar hoton wata aska takwas da ya yi wata biyu yana yi, shago cike da mata masu jiran ɗinki. Ya shiga alwala. Shaiɗan ya ce, Garba taɓa. Niyyata in sa masa hoton kyanwa. Na danna, na sake dannawa, sai ga shafi fari fat kamar ran da ya zo duniya.

Alhaji ya fito, hannu na ɗigar ruwa.

"Garba. Ka tuɓe ta? A gaban mata?"

Da kansa ya kinkimi bencin ya shigar ciki. Kwana tara ko sallamata sai dai ya amsa wa keken ɗinki. Na aika goro, ya dawo. Na aika tsire, takardar kaɗai ta dawo. Ku yi dariyarku, amma ni na ɗauka zaman shekara talatin ya ƙare a kan fensir, abinci ma ba ya shiga.

Rana ta goma sai ga benci a waje, ga shayi, har da matashi! "Aboki, kishingiɗa, ka rame." Ni sakarai na kishingiɗa, barci ya kwashe ni.

Shewar mata ce ta tashe ni. Ga ni nan cike da fuskar ordinata: baki hangame, hula a kan hanci, ƙuda a leɓe. Gefen shafin ya yi masa ruwan goro.

"Don ya dace da haƙoranka," in ji shi.

Mutumin da ke canza shafi kullum, wata bakwai bai sake taɓa fensirin ba. Har daga Messa ake zuwa kallona. Na roƙe shi, ya ce, "Da ina canzawa ne don ban sami wanda ya zauna mata ba. Wannan ya zauna."

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan sadakar uku Hajara ta buɗe ordinatar, na fito da bakina a buɗe.

"Baba Garba, in cire?"

Na ce bar shi, 'yata. Ɗinkinsa na ƙarshe ke nan, kuma ni ya auna.

Allah, bawanka Sule bai iya ganin ko shafi tsirara ba. Ka suturta shi da rahamarka, ka yafe masa, ka haɗa mu a benci guda. Amin.